Wasiƙa Zuwa ga Masu Tsara Garuruwa da Masu Binciken Al'umma a Kudancin Kano



'Yan'uwa da ƙanne, wannan wasiƙa taku ce, ku da kuka karanta tsara birane ko nazarin zamantakewa a Jami'ar Bayero ko ta Wudil, kuke ganin in ba a hukumar tsara birane ta KNUPDA ko ma'aikatar ƙasa da safiyo ba, babu inda za ku ci abinci da iliminku. Ku waiwayo kudu. Bebeji da Ƙiru da Tudun Wada da Doguwa suna faɗaɗa, gonakin bakin gari suna komawa fulotai, ga ayyukan hanya da na ruwa da na ƙungiyoyin tallafi, duk suna neman wanda ya san ƙasa ya kuma san mutanenta.

Shawarata ta farko ita ce uwar sauran: kafin ku ja layi ko ɗaya a taswira, ku tambayi da me garin yake ci. Bebeji, inda aka haifi Alhassan Ɗantata a 1877, fatauci ne ya raya ta. Kwanar Ɗangora mararraba ce ta haife ta, inda hanyar Jos ta rabu da ta Zariya. Riruwai kuwa kuza ce, wadda ake narkawa a can tun kafin zuwan Turawa, kuma da farashinta ya karye a kasuwar duniya a 1985 garuruwan haƙarta sun ji a jikinsu. Wanda ya je irin wannan gari da zanen shataletale da fitilun titi, bai tambayi inda samari za su sami abin yi ba, ya yi wa kango fenti ne kawai.

Ta biyu, ku yi karatun madatsar ruwa ta Tiga kamar yadda kuka yi na littattafanku. An kammala ta a 1974 a zamanin Gwamna Audu Baƙo, ta shayar da gonakin rani na Kadawa da Kura, ta wadata kasuwanni da shinkafa da tumatir. Amma ruwan ya cinye ƙauyuka da gonaki aka tashi mutanensu, can ƙasa kuma ambaliyar da fadamun Haɗeja da Nguru suka dogara da ita ta ragu. Kowane babban aiki yana da wanda ya ci riba da wanda ya biya. Aikin mai bincike shi ne ya nemo na biyun tun kafin a kawo katafila.

A nan ne sana'ar take da wuya, musamman ranar ƙididdigar diyya. Za ku tarar da gona ɗaya, wanda ke nomanta aro aka ba shi ko jingina ya karɓa, masu ita kuwa magada ne da ba a raba musu ba, har da mata da ke aure a wani gari. Ɗorawar da ke tsakiyarta ma tana iya zama ta wani daban. Dokar filaye ta 1978 ta damƙa ƙasa a hannun gwamna, ta kuma tanadi diyya a kan amfanin gona da gini da itatuwa, don haka sunan da kuka rubuta a takarda shi ne zai ci, wanda kuka tsallake ya tashi a tutar babu. Ku zauna da dagaci da mai unguwa da maƙwabtan gona ta kowace kusurwa, a nuna muku iyaka da ƙafa. Ku sa burtali da mashaya da maƙabarta da filin idi a taswira, domin makiyayan da ke ratsawa zuwa dajin Falgore ba sa halartar taron ofis, amma toshe musu hanya shi ne mafarin rikici.

Kada ku shiga gari sai kun gaida hakimi, amma kada binciken ya ƙare a fadarsa. Ku tafi da mata masu ɗaukar bayani, su ne za su shiga cikin gida su ji nisan rijiya da tsadar itace. Da damina ku bari sai an dawo daga gona. Kada ku yi alkawarin abin da ba ya hannunku. Masu zama a gindin bishiya su cike takardun tambayoyi da ka kuwa, su sani da wannan ƙaryar za a yanke inda za a haƙa rijiyar burtsatse.

Ku ƙware a kan taswirar kwamfuta da hoton tauraron ɗan'adam, ku yi rajista da hukumar sana'arku. Sannan idan kun gama rahoto, ku koma garin ku karanta musu shi da Hausa a gaban jama'a, su gyara muku. Mutanen karkara sun gaji da baƙon da ke kwashe bayani ya ɓace. Wanda ya dawo, shi ake faɗa wa gaskiya a zuwa na biyu, kuma shi masu ba da aiki ke sake nema.

Allah ya yi wa sana'arku albarka.

Wassalam,
Ɗan'uwanku a wannan aiki.