Sito Ya Zama Ofis, Kaya Su Kwana Ina?



Bayan da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kamfanoni irin su John Holt da CFAO suka kakkafa sito-sito kusa da tasha. Nan gyaɗa da fatu suke kwana kafin su nufi Ikko. Gine-gine ne masu kaurin bango da dogon rufi, ga filin sauke kaya wadatacce.

To, yanzu masu irin waɗannan gidaje sun gano hayar ofis ta fi ta sito tsoka. Sai a yayyanka sito guda ɗaki-ɗaki, a sa tayil da gilashi da na'urar sanyaya ɗaki. Ba mu ce laifi ba ne, mai abu da abinsa. Gyaran ma ya fi rushewa.

Amma fa kaya su kwana ina? In sito ya koma bayan gari, kuɗin mota da na 'yan dako su ƙaru, duk a kan farashi za su sauka. Baƙo ya ce a nuna masa dila, dillali ya ce sai gobe, ciniki ya watse, la'ada ta bi ruwa. Wanda ya ƙi nisa kuwa sai ya jibge kaya a shago da bakin hanya, alhali mun ga ɓarnar da ambaliya ta yi a Kantin Kwari a daminar 2022.

Roƙonmu ga masu gidajen nan, a bar ƙasa sito, ofis ya hau bene. Shugabannin kasuwa kuma su zauna da su tun magina ba su shigo ba.