Fashin waya da hukunci mai sauƙi: darasin da na gani a shari'ar Ingila

Duk lokacin da aka kama yaron da ya ƙwace wa mutum waya da wuƙa, bayan 'yan watanni kuma aka gan shi yana yawo a unguwa, maganar da nake ji a majalisa ɗaya ce: alƙali ya yi sake, me ya hana gwamnati ɗaukaka ƙara? Wanda aka ɗora wa wuƙa a wuya yana da gaskiyarsa. To amma Ingila ta riga mu bin wannan hanya, ya kamata mu duba inda ta kai su.

Dokar shari'ar laifuka ta 1988 ce ta ba Antoni Janar na Ingila da Wales ikon kai hukuncin babbar kotu gaban kotun ɗaukaka ƙara idan ya ga sassaucin ya wuce kima. Wa'adin da dokar ta sa kwana 28 ne, kuma ko wanda shari'ar ba ta shafa ba yana iya rubuta masa ya nemi a duba. Sai dai tun 1989 kotun ta ja layi: sauƙin hukunci kaɗai bai isa ba, sai in ya fita daga iyakar abin da alƙali mai hankali zai iya yankewa bayan ya auna komai.

A watan Janairun 2002, fashin salula ya addabi titunan Landan, Antoni Janar ya kai ƙarar wasu samari biyu da ya ce an yi musu sassauci. Kotun, ƙarƙashin Alƙalin Alƙalai Lord Woolf, ta ƙara musu hukunci, ta kuma ce mai irin wannan fashi ya sa ran ɗaurin wata 18 zuwa shekara 5, ƙuruciya ko rashin tsohon laifi ba za su cece shi ba sai da ƙwaƙƙwaran dalili. Jaridu suka yi ta yayatawa.

Shekara 15 bayan nan, a 2017, ƙa'idojin hukunta yara da aka fitar a ƙasar suka ce gidan kaso shi ne matakin ƙarshe ga wanda bai kai 18 ba, in ma ya zama dole, ɗan shekara 15 zuwa 17 a yi masa kamar rabi zuwa kashi biyu bisa uku na hukuncin babba. Dalili a fili yake: alƙaluman gwamnatinsu na nuna fiye da rabin yaran da ke fitowa daga tsare suna sake laifi cikin shekara guda. Yaro ya shiga da wuƙa ɗaya, ya fito da abokai goma da sabuwar dabara. Ga shi kuma satar waya ba ta bar Landan ba, a 2024 an yi maganar wayoyi kusan dubu 80.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina ma wata doka ce ta 2002 ɗin, wadda ba ta samu surutu irin na hukuncin Woolf ba. Ta haramta sauya lambar IMEI ta waya, da ɗaurin da zai iya kai shekara 5, kamfanonin sadarwa kuma suka soma toshe wayoyin sata a tsakaninsu. Nan ne aka taɓa mai saye. Ɓera da sata, daddawa ma da wari.

A wajenmu, an ga yadda majalisar tsaron jihar Kano ta ayyana ƙwacen waya a matsayin fashi da makami a 2023. A nan Nijar kuma mai gabatar da ƙara yana da damar ɗaukaka ƙara, dokarmu tana rage hukuncin ɗan shekara 13 zuwa 18, akwai alƙalan yara. Kayan aikin suna nan ke nan.

Ni dai ra'ayina, inda aka zubar da jini, ko yaro ya maimaita laifi alƙali ya kau da kai, mai gabatar da ƙara ya ɗaukaka ba tare da ɓata lokaci ba, wannan haƙƙin wanda aka cuta ne. Amma in don hayaniyar Facebook za a riƙa yi, alƙalai za su koma yanke hukunci da tsoro, a cika gidan kaso da 'yan farko a gefen gwanaye. Kuma muddin akwai teburin da za a kai wayar sata da safe a karɓi kuɗi kafin azahar, wallahi ko shekara 20 aka ɗaure wannan yaro, ƙanensa zai ɗauki wuƙar. Mu tambayi hukuma: masu saye nawa aka gurfanar bana?