Sifikar Da Ke Harba Sauti Sama: A Duba Rufin Ɗaki Kafin A Saya

Duk saurayin da ke da ɗaki a Gwarzo ko Kabo ya san talabijin kaɗai ba ta tara abokai, sai da sauti mai girgiza ƙirji. To, ga wata sifika da ake yayi, mai tambarin Dolby Atmos, wadda bakinta ke kallon sama maimakon ya kalli ɗan kallo.

Kamfanin Dolby na Amurka ya fito da fasahar a sinimomi a 2012, da fim ɗin Brave, ta shigo gidaje a 2014. A sinima, jikin rufi ake kafa sifikun. A gida kuwa, ɗora ta ake kan sifikar gaba, ta harba sauti sama, ya bugi silin ya dawo kan mai kallo. In jirgi ya wuce a fim, sai mutum ya ji kamar ta samansa ya bi.

Amma fa a nan gizo ke saƙar. Sai silin shafaffe mai tauri, wanda tsayinsa bai wuce ƙafa 14 ba. Ɗakin kwano zalla ko na azara tarwatsa sautin yake, silin tabarma ko na kwali kuma ya shanye shi. Ɗakuna da gidajen kallo nawa ne daga Getso zuwa Garo suka tsallake wannan sharaɗin?

Sannan dole a ce tun a situdiyo an haɗa sautin fim ɗin da wannan tsarin, amfilifayar ma ta san shi. Yawancin finafinan Hausa, tun daga Turmin Danya na 1990 har zuwa na YouTube, layi ɗaya ko biyu sautinsu yake. Haka ma fassarar Indiya. Wato sifikar sama ba ta da nata rabon, sai na kwaikwayo.

Don haka kafin saurayi ya sayar da buhunan masararsa ya hau motar Kano zuwa Kasuwar Sabon Gari, ya ɗaga kai ya dubi rufinsa tukuna. In bai dace ba, sifiku biyu nagari da wufa ɗaya sun fi masa. Su kuma furodusoshi, su fara gyara muryar 'yan wasa ta riƙa fita tangaran. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai!