Zancen Akawu: Wa Ake Bi Bashin Yaran 'Yargalma?

 Edita, ina roƙo ka ba ni fili kamar yadda ka saba, gama a wannan mako ina so in taɓa wata magana da muke ji kullum a bakin manya, wai lafiya haƙƙi ce ta kowane ɗan Adam. To, mu masu aikin ofis mun sani haƙƙi ba ya tsayuwa shi kaɗai. In an ce wane yana bin bashi, lalle ne a faɗi wanda ake bi, a rubuta shi cikin littafi, a yanka ranar biya. Da wannan mudu nake so mu auna abin da ya auku a ƙasar Zamfara.

Cikin watan Maris na 2010, likitocin ƙungiyar MSF, waɗanda ake kira Na-gari Na-kowa, suna bin ƙauyuka don cutar sanƙarau, sai suka sami labari yara suna mutuwa ba lissafi a 'Yargalma ta ƙasar Bukkuyum da Dareta ta ƙasar Anka. Yaro ya yi ta amai, jikinsa ya riƙa karkarwa, ya suma, kwana kaɗan sai a kai shi makwanci. Aka ba da maganin zazzaɓi, bai yi ba. Da aka aika da jini Turai aka auna, ashe gubar dalma ce.

Ga yadda ta shiga gidaje. Zinariya ta yi tsada a kasuwannin duniya, manoma suka dinga haƙo dutsenta, shi kuwa dutsen wannan yanki cike yake da dalma. Sai a kawo shi gida, a daka a turmi ko a niƙa da injin niƙan hatsi, a wanke, a shanya a tsakar gida inda ake shanya gero. Ƙurar ta sauka a ƙasa, mai rarrafe ya dafa, ya kai hannu baki. Jikin yaro kuwa ya fi na babba saurin shan wannan guba, kuma ƙwaƙwalwa take nufa. Ma'aikatan CDC na Amurka sun bi gida gida a ƙauyukan nan biyu cikin watan Mayu na 2010, suka iske cikin yara 463 da ba su kai shekara 5 ba, 118 sun rasu a shekara guda. Watau ɗaya cikin huɗu ke nan. In an haɗa dukan yankin, wajen yara 400 aka rasa. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Su wa suka zo? MSF ta buɗe wurin jiyya a Bukkuyum da Anka. Wani kamfanin Amurka, TerraGraphics, da ƙungiyar Blacksmith suka haɗa hannu da ma'aikatan Jihar Zamfara da samarin ƙauye, aka kankare ƙasar gidaje da fartanya, aka binne ta nesa, aka zuba sabuwa. Dole ne a fara da wannan, domin maganin da yake fitar da dalma daga jini ba shi da amfani in yaro zai koma wasa cikin ƙurar da ta kwantar da shi. Ƙauyuka 7 aka tsabtace haka kafin tsakiyar 2011. Allah ya saka musu da alheri. Amma fa mu lura, yawancin waɗannan baƙi ba su sa hannu a wata takarda ba. Sadaka suka kawo, mai sadaka kuwa ba a kai shi ƙara in ya ce ya gaji.

Masu sa hannu su ne gwamnatoci. Tun 1946 dokar kafa Hukumar Lafiya ta Duniya ta lasafta lafiya cikin haƙƙoƙin kowa. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1966 ta maimaita haka a sashe na 12, Nijeriya ta shiga a 1993. Yarjejeniyar Afirka ta 1981 ta faɗa a sashe na 16, har Nijeriya ta mai da ita dokar ƙasa a 1983. Ta haƙƙin yara ma an karɓa a 1991. Takarda kam ba mu rasa ba.

To, sai ga Bagega, wadda ta fi sauran ƙauyukan girma. Yara wajen 1,500 suna jiran magani a can, ba dama a fara sai an kankare ƙasa, ba dama a kankare sai kuɗi sun fito daga Abuja. Aka yi taro a Abuja cikin watan Mayu na 2012, aka ambaci naira miliyan 850, ministocin da abin ya shafa ba su halarta ba. Damina ta zo ta wuce. Kuɗi ba su fito ba sai farkon 2013, bayan ƙungiyar Human Rights Watch ta tona zancen ga duniya, samari kuma irin su Hamzat Lawal suka tsaya kai da fata suna tambayar inda kuɗin suka maƙale. Ni da na san yadda takarda take kwana a kan tebur, ban yi mamakin jinkirin ba. Abin da ya dame ni shi ne, abin da ya motsa ta kunya ce, ba hukunci ba.

Dalili kuwa a fili yake. Kwamitin da yake zaune a Janiba don duba yarjejeniyar 1966 rahoto yake karantawa ya ba da shawara, ba shi da alƙali, ba shi da dogari. Kundin mulkinmu na 1999 ya sa zancen kula da lafiya a babi na 2, wanda kotu ba ta tilasta shi. Ma'adinai kuma na Gwamnatin Tarayya ne, asibitin ƙauye na ƙaramar hukuma, tsabtar ƙasa ta jiha, kowa na iya nuna ɗan'uwansa da yatsa. Sa'an nan akwai wanda ba a ambata ko kusa, watau mai sayen zinariyar a ƙetare, wanda ta iske shi tana walƙiya, bai taɓa tambayar turmin da aka daka ta ba. A ganina shi ma sunansa ya kamata ya shiga littafin bashi, haka nan ƙasashe masu wadata, tun da yarjejeniyar 1966 ta ɗora wa ƙasashe taimakon juna.

Ba na cewa ƙofa duk a rufe take. A 2001 Hukumar Haƙƙin Ɗan Adam ta Afirka da ke Banjul ta sami Nijeriya da laifin tauye lafiyar mutanen Ogoni saboda gurɓatar ƙasarsu da man fetur, a 2012 kuma kotun ECOWAS ta yanke hukunci mai kama da wannan a kan yankin Neja Delta. Talaka yana iya kai ƙara wannan kotu da kansa. Sai dai manomin Bukkuyum wa ya taɓa gaya masa haka da harshensa? Wannan aikinku ne, malaman makaranta da malaman zaure, tare da gargaɗin kada a kawo dutse gida, a niƙa shi da ruwa nesa da gari, a wanke jiki a sake tufafi kafin a ɗauki yaro. Gargaɗin bai tsufa ba. A 2015 irin wannan guba ta kashe yara 28 a ƙasar Rafi ta Jihar Neja, kuma hanin haƙar ma'adinai da aka sa a Zamfara a 2019 an ɗage shi a watan Disamba na 2024.

MSF ta miƙa aikin ga hukumomin Zamfara a 2022, bayan ta yi wa dubban yara magani. Waɗanda suka tsira a 2010 yau samari ne da 'yan mata, cikinsu akwai waɗanda gubar ta bar wa makanta ko raunin hankali. Ina roƙon Ma'aikatar Lafiya ta Gusau ta aiko wa wannan jarida da lissafi: yara nawa aka auna wa jini tun 2022, a waɗanne ƙauyuka, magani nawa ne a ajiye a Anka, kuma wane ofishi ne yake riƙe da sunayen naƙasassun. In amsa ta zo, Edita, ina roƙo a buga ta a wannan shafi.

Ni ne naka,
Akawu.