Ahijo: A Dawo Da Gawar, A Kuma Buɗe Lissafin

Da wuya ka sami dattijo a unguwannin Hausawan Duwala da zai ambaci Ahmadu Ahijo bai bi shi da "Allah ya jiƙansa" ba. Za a ce maka a zamaninsa albashi na zuwa kan kari, ɗan arewa na tafiya da ƙafarsa ba tsoro, kuma jirgin ƙasa ya isa Ngaundare a 1974, shanu da gyaɗa da fatake suka sami hanyar kudu. Duk gaskiya ne. Amma maƙwabtanmu Bamileke da Basa, waɗanda katanga ɗaya ta raba mu da su a unguwar New Bell, ba haka suke tuna mutumin ba, kuma su ma ba ƙarya suke yi ba.

Ahijo bai taɓa zama soja ba. Ɗan Garwa ne, haihuwar 1924, ma'aikacin gidan waya da ya faɗa siyasa ya zama firaminista a Fabrairun 1958. Sai dai da yaƙi ya karɓi ƙasar, da yaƙi kuma ya riƙe ta. Jam'iyyar UPC, wadda aka kafa a nan Duwala a 1948, ita ta fara ɗaga murya kan 'yancin kai da haɗe Kamaru biyu, kuma New Bell ce cibiyarta. Bayan tarzomar Mayun 1955 Faransawa suka haramta ta. An harbe jagoranta Ruben Um Nyobe a daji a Satumbar 1958, aka sa wa shugabanta Felix Moumie guba a Janeba a 1960. Ranar 1 ga Janairun 1960 da aka ɗaga tuta, waɗanda suka fara neman 'yancin suna kabari ko daji ko gudun hijira, sojan Faransa kuma na nan suna taya sabuwar gwamnati farauta.

Mu ma wannan wuta ta lashe mu. A Afrilun 1960 gobara ta cinye unguwar Kongo, inda kasuwar Kongo take a yau, dubban mutane suka kwana a titi. Har gobe akwai masu ɗora alhakin a kan Hausawa, suna cewa hukuma ce ta ingiza su kan maƙwabtansu. Ba a zama a yi wannan hira a majalisarmu. Ni kuwa ina ganin shirun ya fi cutar da mu, domin wanda bai ba da labarinsa ba, wani zai bayar a madadinsa. A Fabrairun 1962 kuma aka kwashi fursunoni daga Duwala aka rufe su a tarago zuwa Yawunde, mutum 25 suka mutu a hanya saboda rashin iska. A shekarar ce aka kafa dokar "zagon ƙasa", wadda ta mai da sukar gwamnati laifi.

Abin da Ahijo ya gina ba ƙarami ba ne. Ya haɗe da Kamaru ta yamma, wadda ke hannun Ingila, a Oktobar 1961, ko da yake yankin arewacinta ya zaɓi bin Najeriya, ya zama Lardin Sardauna, abin da ya ƙona masa rai ƙwarai. Ya riƙe ƙasa mai harsuna sama da 200 ba ta tarwatse ba, a lokacin da Najeriya ta faɗa yaƙin basasa, Cadi kuma ta kama da wuta. Kuɗin da aka biya shi ne komai ya koma hannun mutum ɗaya. A 1966 ya narkar da jam'iyyu cikin jam'iyya ɗaya, UNC. A Janairun 1971 aka ɗaure jagoran UPC Ernest Ouandie aka harbe shi a bainar jama'a a Bafusam. Ranar 20 ga Mayun 1972 ya soke tsarin tarayya da ƙuri'ar raba gardama, kuma daga wannan sokewar ce masu magana da Ingilishi ke fara lissafin ƙorafin da ya zama yaƙi a yankinsu tun 2017.

Hausawa na cewa in za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere. Ahijo ya sauka da kansa a Nuwambar 1982, ya miƙa wa Paul Biya mulki, abin da shugabannin Afirka kaɗan suka iya a lokacin. Shekara biyu ba ta cika ba, kotun soja ta yanke wa Ahijo hukuncin kisa ba ya nan. Bayan yunƙurin juyin mulkin 6 ga Afrilun 1984 aka bi 'yan arewa da kame da kisa. Dokokin da ya rubuta da jami'an da ya raina su suka juya kansa da mutanensa, babu majalisa ko kotu ko jarida da za ta tsaya masa, domin shi ya karya su. Ya rasu a Dakar ranar 30 ga Nuwambar 1989, kuma can aka binne shi. Matarsa Germaine ta bi shi a 2021, ita ma a can.

Ga babban titi da sunansa a unguwar Akwa, ga filin ƙwallo a Yawunde, amma ƙasar da ya kafa ta kasa ba shi kabari. Wannan abin kunya ne. Kirana ga gwamnati shi ne ta dawo da shi Garwa cikin girmamawar da ta dace da shugaban farko, ta kuma buɗe takardun wancan zamanin ga kowa. Mu kuma 'yan New Bell, sarakunanmu da limamanmu su fara zama da maƙwabta kan abin da ya faru a unguwar Kongo tun sauran shaidu na raye.