Mai son koyon 3D, ka bar tara manhajoji: ka ɗauki Blender ka zauna

A fada, muna jiran shayi na biyu, wani ƙanena ya buɗe ordinatarsa yana nuna mini dukiyar da ya tara: Maya, 3ds Max, Cinema 4D, dukansu na sata, an kwafo masa su a kile. Na ce to madalla, nuna mini abin da ka ƙera. Sai ya yi shiru. Wata huɗu ke nan yana saka wannan yana cire wancan, ko kofin shayi guda bai siffanta ba, ga ordinatar ta cika da birus tana tafiyar hawainiya.

Ire-irensa suna da yawa a Maradi, Damagaram, Tawa da Yamai. Matasa na son koyon zanen 3D da katun, amma tambayar da suke fara yi ita ce: wace manhaja manyan kamfanoni ke aiki da ita? Ni kuwa ina ganin ga abin da ya kamata ka fara tambaya: wace ce za ta yi aiki a injin da nake da shi, da forfen da aljihuna zai iya, ko da kuran ya ɗauke? In ka duba ta nan, amsar ita ce Blender.

Da farko, kyauta ce ta halal. Wani ɗan ƙasar Holan, Ton Roosendaal, shi ya ƙirƙiro ta. Da kamfaninsa ya durƙushe, a 2002 masu amfani da ita suka yi karo-karo har yuro 100,000, aka fanso ta aka buɗe wa kowa. Cikakken lasisin Maya kuwa ya haura jikka 500 a shekara. Wanda ya fara da ta sata, ran da ya samu kwangilar kirki ita za ta ɗaure masa hannu.

Sannan ba ta buƙatar intanet. Sau ɗaya za ka sauke ta, ba ta kai rabin jiga ba, kuma akwai wadda ke tashi daga kile kai tsaye. Mutum ɗaya ya sauke, duk fada ta samu, babu laifi a ciki. Ana iya maida ta Faransanci. Tana kuma ajiye aikinka da kanta kowane minti 2, abin da duk wanda kuran ya taɓa yanke wa aiki ya san darajarsa.

Wani zai ce ai abin kyauta wasan yara ne. To, fim ɗin Flow na ƙasar Latbiya da Blender aka yi shi, kuma shi ya ci kyautar Oscar ta fim ɗin katun a 2025.

Wani kuma zai ce tana da wuya. Wannan akwai ƙamshin gaskiya: ranar farko maɓallai za su rikita ka. Amma tun fitowar 2.80 a 2019 fuskarta ta yi sauƙi ƙwarai, kuma haruffa uku sun ishe ka farawa: G ka matsar da abu, R ka juya shi, S ka ƙara girmansa ko ka rage. Ka dai nemi suri mai ɗan gare a tsakiya, don aiki da yatsa a kan ordinatar wahala ce zalla.

Ban ce kowa dole ya fara da ita ba. Yaro ɗan lakwal, ko wanda bai taɓa juya abu a 3D ba, ya yi sati guda a Tinkercad, inda ake harhaɗa akwati da ƙwallo kamar jera bulo, sai dai tana cin forfe don a intanet take. Mai son zanen gidaje kawai, SketchUp ta fi saurin kai shi. Wanda salula kaɗai yake da ita ya gwada Prisma3D. Amma duk waɗannan matakala ne, kar ka tare a kansu. In kuma ordinatarka tsohuwa ce, ba ta kai RAM jiga 8 ba, tsofaffin fitowar Blender suna nan a shafinsu, ka ɗauki wadda injinka zai iya ja.

Ga shawarata: ka ba ta wata uku cur, kar ka saka wata manhajar 3D. Watan farko ka ƙera abin da ke gabanka: butar shayi, kofi, murhun gawayi. Wata na biyu ka koyi launi da haske, ka gwada ƙofar zaure irin ta unguwar Birni da zanenta. Na uku ka sa ƙwallo ta yi tsalle na daƙiƙa 5, wato hoto 120 ke nan a kan 24 kowace daƙiƙa. Ka fitar da shi da EEVEE, ta fi Cycles sauƙi ga ƙaramin inji.

Abin da ka koya a nan, siffa da haske da motsi, yana nan daram ko gobe aiki ya kai ka ga Maya. Mai shagon da ke son tallar kayansa ba zai tambaye ka sunan manhaja ba, aikinka zai ce ka nuna masa.

Ƙanen nawa ya goge na satar nan duka. Jiya ya turo mini butarsa ta farko: hannunta a karkace yake, amma buta ce. Kai fa, me za ka fara ƙerawa? Ka ajiye mana hotonsa a ƙasa mu gani.