Fara'a Daban, Kirki Daban: Tsakanin Ɗan Ayilan da Ɗan Ingila

Sau da yawa idan ma'aikatan jinya da ɗalibanmu suka dawo hutu daga Turai, hukunci ɗaya suke yankewa: mutanen Ayilan sun fi na Ingila son baƙo. Ban musa abin da suka gani ba. Ma'aunin da suka auna da shi ne nake da ja a kai.

Ya kamata mai karatu ya tuna ta ƙofar da kowannensu ya shigo mana. A Funtuwa da Malumfashi, Baturen Ingila shi ne Di'o mai haraji, shi ne kuma ɗan kamfanin BCGA mai yanke wa auduga farashi. Wanda ya zo karɓa ba ya sakin fuska. Ɗan Ayilan kuwa a Fada ko Sista muka san shi, kamar matan St. Louis da suka sauka Kano a 1948 da alli a hannu. Ga shi kuma su ma sun ɗanɗani mulkin Ingila, da yunwar da ta fara a 1845, har harshensu ya kusa bin ruwa. A wannan harshe, idan za su gaishe ka, cewa suke Allah ya kasance tare da kai. Yaya kunnen Bahaushe ba zai ji daɗi ba?

To amma Hausa ba ta yi rowar kalmomi a nan ba. Fara'a a fuska take, kirki kuwa sai an zauna da mutum. Abin mamaki, ɗan Ingila ne, Kirk-Greene, ya tsaya ya fayyace mana "mutumin kirki" a rubuce a 1974. Kamewar da muke kira girman kai a wurinsu, ai ita muke yabo da sunan kunya idan Bakatsine ya yi ta. Manomin da ke ƙauyen Malumfashi ba zai cika ka da surutu kamar dillalin hatsi a kasuwar Funtuwa ba, amma shi zai ba ka ɗakinsa.

Tarzomar ƙin baƙi ta ɓarke a Dablin a Nuwamban 2023, ta kuma ɓarke a biranen Ingila a Agustan 2024. Don haka duk mai shirin tura ɗansa ɗayan ƙasashen biyu, ya bar tambayar wa ya fi murmushi. Ya tambayi wa zai ba yaron hayar ɗaki bayan ya ji sunansa.